Layi uku a takardar gwaji: lamarin ɗan kasuwar Kano da aka yi wa tiyatar dajin maƙoshi

Ranar da aka fito da Baffa daga ɗakin tiyata, tambaya ɗaya ce ta cika wayata daga Kano: "An cire?" Na ce an cire. Kafin la'asar an yanka rago a Gwammaja, an raba sadaka, gwaggonnina suna ta kira suna barka da arziki. Ni kuwa ma'aikacin jinya ne, na daɗe a ɓangaren tiyata, na san amsar da ta fi wannan nauyi tana cikin naman da aka cire, wanda aka sa a wata roba aka ɗauka zuwa ɗakin gwaji, kuma sai bayan kwana goma za mu ji ta. Ban ce wa kowa komai ba, ba a hana mutane murna.

Da izininsa nake rubuta wannan, ban da sunansa da sunayen asibitocin da muka bi. Yau shekara shida ke nan da aikin, yana raye, yana zuwa kasuwa. Abin da nake son bi daki-daki shi ne me ya sa ya kai nan, alhali da yawa cikin waɗanda aka yi wa irin aikinsa ba sa ganin shekara ta uku.

Mara lafiyar

Ƙanin mahaifina ne, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau, shekararsa 56 a lokacin. Ba shi da hawan jini, ba shi da ciwon suga, nauyinsa kilo 74. Ya yi shekara talatin yana shan taba, a ɓoye ga iyali, a fili ga abokan kasuwa. Shayi kuwa ba ya shansa sai yana tururi. In mai shayi ya fara sheƙa masa tsakanin kofi biyu don ya huce, sai ya ce, "Bari, ba ruwan wanka na ce ka ba ni ba."

Mu Hausawa maƙogwaro muke cewa, ko hanyar iska ko ta abinci. Wanda ake magana a nan shi ne bututun abinci, maƙoshi, mai tsawon kusan santimita 25, wanda ya bi ta bayan hanyar iska da zuciya ya sauka tumbi. Dajinsa iri biyu ne manya. Ɗaya yana tashi daga fatar da ta lulluɓe cikin bututun, likitoci na ce masa sikwamos, shi ya fi yawa a Afirka da Asiya, kuma taba da giya ne manyan masu jawo shi. A 2016 hukumar binciken daji ta duniya da ke Liyon a Faransa ta sanya abin sha mai zafin da ya haura digiri 65 cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna haddasa shi. Ɗayan, adino, ya fi kama ƙarshen bututun kusa da tumbi, yana tafiya da ƙiba da ƙwannafi na shekaru, shi ya fi yawa a Turai da Amurka. Na Baffa sikwamos ne.

Ciwon bai yi yawa a wajenmu kamar Kenya da Malawi da Tanzaniya ba, ko arewacin Sin da Iran. Wannan ma wata matsala ce, don abin da ba a saba gani ba ba a saurin tuno shi. A duniya kuwa, a 2020 an ƙiyasta sababbin masu ciwon sun kai 604,000, waɗanda ya kashe kuma 544,000. Duba kusancin lambobin nan biyu.

Wata biyar da suka tafi

Cikin sanyin farkon 2019 tsire ya fara tsaya masa a ƙirji. Sai ya kora da ruwa, ya wuce. Ya ce naman ne ya yi tauri. Daga baya gurasa ta fara yi masa haka, sai ya koma jiƙa ta sosai da romo. Mai kemis na layinsu ya ce olsa ce, ya haɗa masa ƙwayoyi da farin ruwan nan na kwalba. Da bai ji sauƙi ba, wanzami ya leƙa bakinsa ya ce beli ne ya sauko, ya yanke. An yi rubutu, an yi tofi. Azumi ya zo a watan Mayu, ramar da yake yi kowa ya ɗora wa azumi da zafin Kano.

Ranar ƙaramar sallah na je gaishe shi. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe. Na ga ya gutsuri loma kamar ta yaro, ya tsoma ta cikin miya har ta narke, ya haɗiye, sannan ya ɗan miƙe wuya yana jira, hannunsa a kan ƙirji. Kofin ruwa yana gefensa, kowace loma da kurɓarta. Hularsa ta yi masa yawa.

Na ce, "Baffa, tun yaushe kuke cin abinci haka?"

Ya ce, "Kai ɗan nan, ci naka. Tsufa ne."

Umma, matarsa, ta ce daga bakin ƙofa, "Alhaji, faɗa masa gaskiya. Wata biyu ke nan koko da fura ne abincinsa."

Maƙoshi yana buɗewa ya ba loma hanya ko da ƙari ya fara tsirowa. Mutum ba ya jin abinci na tsayawa sai ƙarin ya cinye fiye da rabin hanyar. Ke nan ranar da tsiren nan ya fara maƙalewa, ciwon ya riga ya daɗe. Kuma bututun ba shi da tantanin waje irin wanda hanji yake da shi, ga jijiyoyin ruwan jiki birjik a bangonsa, don haka daji ba ya wahalar tsallakawa zuwa kaluluwar da ke ƙirji da ciki da wuya. A ƙididdigar Amurka, cikin mutum 100 da aka gano ciwon bai fita daga bututun ba, kusan 47 ne ke kai shekara biyar. In ya kai kaluluwar kusa, ba su kai 30 ba. In ya je hanta ko huhu, biyar ne ko shida. Babu wani abu da ke auna tsawon kwanan mai wannan ciwo kamar matakin da aka same shi, kuma wannan ana yanke shi ne a gida da kemis da shagon wanzami, tun likita bai ga mutum ba.

Ƙa'idar da nake gaya wa kowa tun daga lokacin: babban mutum da abinci ke tsaya masa, musamman in yana ramewa, a zura masa kyamara a leƙa, ba a ba shi maganin olsa a ce ya dawo bayan wata guda ba.

An zura wa Baffa kyamarar ta baki, aka tarar da ƙari a nisan santimita 32 daga haƙoran gaba, ya kusa zagaye bututun. Aka gutsuri nama, sakamako ya ɗauki mako uku. Hoton siti-sikan ya nuna ƙarin ya ratsa bangon tsoka har waje, da kaluluwa biyu da suka kumbura a kusa. Hanta da huhu lafiya lau. Nauyinsa ya koma kilo 63, wato ya zubar da kusan kashi 15 cikin 100 na jikinsa. Likitoci na ɗaukar zubar da fiye da kashi 10 a matsayin alama mara kyau, ko da komai daidai yake.

"A yanke kawai a huta"

Haka Baffa ya ce wa likitan fiɗa. Haka ma dangi suka so. A tunaninmu wuƙa ita ce magani, sauran duk jan lokaci ne, kemo kuma, wato maganin kashe ƙwayoyin daji da ake sawa ta jijiya, sunanta ya ɓaci a gari: ana cewa ita ke ƙarasa mutum.

Likitan ya ɗauki takarda ya zana bututu, ya zana ƙari, ya ɗiɗɗiga wasu ɗigo a kewaye. Ya ce, "Alhaji, wannan babban ina ganinsa, zan iya cire shi. Waɗannan ƙananan ba na ganinsu, su ne kuma ke dawowa su kashe mutum. A fara ƙone su tukuna."

Maganarsa tana da tushe. A 2012 likitocin ƙasar Holan sun fitar da sakamakon binciken da ake kira CROSS, a kan marasa lafiya 366. Rabi an wuce da su tiyata kai tsaye. Rabi an fara yi musu kemo sau ɗaya a mako har mako biyar, tare da gashi, wato ƙona dajin da hasken na'ura, sau 23, sannan tiyata. Matsakaicin tsawon rayuwar waɗanda aka fara yi wa gashi da kemo ya kai wata 49, na ɗaya rukunin wata 24. Bayan shekara biyar, 47 cikin 100 suna raye a rukunin farko, 34 a na biyu. Aka ci gaba da bibiyarsu har shekara goma, tazarar ba ta rufe ba: 38 da 25. Ga masu irin na Baffa abin ya fi armashi, don kusan rabin masu sikwamos, da aka buɗe su, ba a sami ƙwayar daji ko ɗaya da rai a naman da aka cire ba.

Sai da yayansa, mahaifina, ya sa baki sannan ya yarda.

Kemo ba ta ba mu wahala sosai ba. Gashin ne ya ba mu. Ba a Kano aka yi ba, sai da muka kama ɗaki a wani gari, muka shiga layi. A zama na goma sha huɗu na'ura ta tsaya, aka ce injiniya na hanya. Kwana tara muna zuwa muna komawa. Wanda bai sani ba zai ce hutu ne, jiki ya samu sarari. Ga dajin sikwamos kuwa, kowane tsaiko a tsakiyar gashi dama ce ga ƙwayoyin da suka rage su hayayyafa. Ina kwana ina lissafi, ba ni da yadda zan yi. An gyara, aka ƙarasa. Ko kwana taran nan ne suka sa aka sami ragowar daji a naman da aka cire daga baya, ni dai har yau zuciyata tana ɗora musu.

Tsakanin ƙarshen gashi da tiyata akwai mako shida zuwa takwas da ake barin jiki ya farfaɗo. Yawancin iyalai zaman jira suke yi a wannan lokaci. Mu aiki muka yi, kuma ina ganin a nan muka sayi rabin nasarar, da kuɗi kaɗan. Taba dai ya bar ta tun ranar da aka gaya masa sunan ciwon, ya miƙa wa yaron shagonsa ragowar kwalin. Barin taba ko da mako huɗu kafin aiki yana rage ciwon huhu bayansa, shi kuwa ya samu wata huɗu. Ƙarin ya ɗan saki bayan gashi, abinci ya fara wucewa, sai Umma ta ɗaura ɗamara: kunun gyaɗa mai kauri da madarar gari, ƙwai uku a rana, alala mai laushi, farfesun kifi da aka cire wa ƙaya, fura da nono mai maiƙo. Kullum bayan asuba yana takawa daga Gwammaja zuwa gindin Dala ya dawo, daga baya har ya fara hawa matakalar kaɗan-kaɗan. Da yamma jikoki su kawo balan-balan a yi gasar hurawa, su a wasa, shi a motsa huhu. Ya koma kilo 66. Ba ƙiba muke nema ba, tsoka muke nema, don wanda tsokarsa ta zube shi ya fi kasa tashi daga gado bayan babban aiki, shi ya fi kamuwa da namoniya, kuma ko ya tsira daga asibiti kwanansa ya fi gajarta.

Ina za a yi aikin

Likitan nan na Kano ya yi mana abin da ba kowa ke yi ba. Ya ce, "Duk inda za ku, ku tambaye su sau nawa suke wannan aiki a shekara. Ni ina iya yi, amma ba na yin sa da yawa, mutanenmu ba sa zuwa da wuri." Bincike a Amurka da aka buga a 2002 ya nuna a asibitocin da ba safai suke wannan tiyata ba, kusan mutum 20 cikin 100 ke mutuwa sanadin aikin, a waɗanda suka saba kuwa kusan 8. Ba hannun likita kaɗai ba ne. Mai sa barci ne, da ɗakin kulawa ta musamman, da nas ɗin dare da za ta ga bugun zuciya ya hau ta san ba zafin ɗaki ba ne, da na'urar hoto da ke aiki ƙarfe biyun dare.

Aka sayar da fili a Rijiyar Zaki, 'yan kasuwa suka yi karo-karo, muka hau jirgi daga Kano zuwa Alƙahira a watan Nuwamba. Ba na cewa kowa sai ya fita waje, ba kowa ke da fili ba, kuma na ga waɗanda dillalan asibiti suka kai su inda bai fi gida ba. Tambayar dai ita ce a yi ta, ko a Kano ko a Masar.

Aikin da aka yi masa shi ne wanda likita Ivor Lewis ya bayyana a Birtaniya a 1946. Ana buɗe ciki, a gyara tumbi a mai da shi siriri kamar bututu, a buɗe ƙirji ta dama, a yanke maƙoshin da ƙarin da kaluluwar da ke kewaye, sannan a jawo tumbin sama a ɗinke shi da guntun da ya rage. Awa shida da rabi. Aka bar masa ƙaramar roba a hanji ta bangon ciki don ba shi abinci.

A kwana na shida zazzaɓi ya taso, zuciya tana gudu, ruwan da ke fita ta robar da aka sa masa a ƙirji ya canja launi. Ɗinkin ya yi yoyo. Wannan yana samun kusan mutum ɗaya cikin goma ko a manyan cibiyoyi, don tumbin da aka jawo sama da jijiyar jini ɗaya tak yake rayuwa, can ƙarshensa inda aka yi ɗinki kuma nan ne jini ya fi ƙaranci. Cikin awa huɗu an yi hoto, an hana shi komai ta baki, an canja maganin kashe ƙwayoyin cuta, an gyara zaman robar. Yoyon ƙarami ne, ya rufe da kansa cikin mako uku, abinci yana shiga ta hanji. Ba don robar nan ba da yunwa ta riga ciwon. Bincike ya nuna yoyo mai tsanani ba a asibiti kaɗai yake kisa ba, waɗanda suka tsallake shi ma daji ya fi saurin dawo musu. Shi ya sa awa huɗun nan suke da daraja a wurina.

Takardar

Ana cikin haka sakamakon ɗakin gwaji ya fito. Shafi biyu ne, amma layi uku na nema.

Na farko, bakin yanka. Mai gwaji yana shafa wa gefen naman tawada, ya yanyanka, ya duba ta madubi ko ƙwayar daji ta taɓa inda wuƙa ta bi, sama da ƙasa da kewaye. In ta taɓa, an bar wani abu a jiki, ko da likita ya rantse ya kwashe duk abin da idonsa ya gani. "An cire" na likitan fiɗa da "an cire" na mai madubi ba ɗaya ba ne. A binciken Holan ɗin nan, an sami baki mai tsabta a kashi 92 na waɗanda aka fara yi wa gashi da kemo, kashi 69 kawai a waɗanda aka wuce da su tiyata. Na Baffa tsab, ta ko'ina.

Na biyu, kaluluwa. Lamba biyu ce a nan, kuma duka biyun ake karantawa: nawa aka ciro, nawa ke da daji. Ana son a ciro akalla 15. Wanda aka ce masa "babu ko ɗaya" alhali huɗu kacal aka duba, bai san matsayinsa ba tukuna. Likitoci suna kasa abin kashi-kashi, ɗaya zuwa biyu, uku zuwa shida, bakwai zuwa sama, kowane hawa da raguwar fata. Bayan tiyata mai tsabta, babu abin da ke hasashen dawowar ciwon kamar wannan lamba. An ciro wa Baffa 21. Babu daji a ko ɗaya. Biyu daga ciki suna ɗauke da tabo, alamar ciwon ya taɓa zama a cikinsu gashi ya ƙone shi. Su ne biyun nan da muka gani a hoto. Da an bi son ransa an yanke tun watan Yuli, da layin nan ya zo da wata lamba.

Na uku, me ya rage na ƙarin. Bai mutu duka ba. An sami 'yan tsibirai na ƙwayoyin daji a cikin tabo, ba su wuce ƙarƙashin fatar ciki ba, ba su shiga jijiyar jini ko ta ruwan jiki ba. Ba shi cikin rabin nan masu sa'a, amma ya sauko daga mataki na uku zuwa na farko, kuma matakin bayan magani shi ya fi faɗin gaskiyar abin da ke gaba. Masu irin wannan ragowar yanzu akwai allurar ƙarfafa garkuwar jiki mai suna nivolumab da ake ba su har shekara guda. Binciken da aka buga a 2021 ya nuna ta ninka lokacin da suke yi ciwon bai dawo ba, daga wata 11 zuwa 22. A lokacin Baffa ba a fara ba, ko da an fara kuma, wane fili za mu sake sayarwa?

A masaukinmu akwai wani bawan Allah, shi ma daga Kano, ya girmi Baffa da kaɗan. An yi masa aiki a wani asibitin daban, kai tsaye, ba gashi ba kemo, don 'ya'yansa sun ce bizarsu ba za ta kai ba. Ya riga mu tashi, ya riga mu cin tuwo, ɗinkinsa bai yi yoyo ba. Ɗansa ya kawo mini takardarsu in karanta masa. Kaluluwa biyar cikin tara, kuma daji ya taɓa tawada ta kewaye. Na ce su nemi likitan daji da zarar sun sauka, kada su tsaya. Ya ce ai an ce aiki ya yi kyau. Wata goma sha huɗu bayan nan muka je ta'aziyya. Mutum biyu ba hujja ba ne, kwana kuma na Allah ne, amma takardun biyu sun faɗi abin da suka faɗa.

Gida

Mun dawo da shi kilo 58, ya ci gaba da sauka har 55. Nan ne aikin Umma ya fara, kuma ba na jin wani littafin likita ya ba irin aikinta haƙƙinsa.

Mutumin da tumbinsa ya koma siririn bututu a ƙirji ba ya cin kwano guda. Ludayi biyar ya cika. Yunwa ma ba ya ji sosai, sai an tuna masa. Ta raba masa abinci sau bakwai a rana, tana kallon agogon bango. Ba ruwa tare da abinci, sai bayan rabin awa. Ranar da wata 'yar'uwa ta kawo kunun zaƙi mai sanyi ya shanye kofi guda, cikin minti ashirin gumi ya karyo masa, jiri, zuciya na bugawa, sai gudawa. Gida ya rikice, an ce ciwo ya dawo. Ba shi ba ne, zaƙi ne ya zuba cikin hanji lokaci guda babu mai tare shi. Daga ranar suga ya bar kofinsa.

Murfin da ke hana abinci dawowa sama ya tafi tare da abin da aka yanke. In ya kwanta a miƙe, ruwan ɗaci ya taho har baki, wani lokaci ya sarƙe shi cikin barci, wanda hanya ce ta namoniya. Aka sa bulo biyu-biyu a ƙarƙashin ƙafafun gado ta wajen kai, abincin dare kuma ya dawo kafin magariba. Sujada ma sai da aka yi mata dabara: ba ya cin komai awa guda kafin salla, ranar da abin ya matsa ya yi a zaune.

A watan Afrilun 2020, ana tsakiyar kullen korona a Kano, ga azumi ya kama, abinci ya sake fara tsayawa. Baffa ya yi shiru da bakinsa kwana goma. Umma ce ta kira ni da dare tana magana ƙasa-ƙasa. Mafi yawan dajin da zai dawo cikin shekara biyun farko yake dawowa, don haka na san abin da nake tsoro. Da katin aikina muka ratsa shingayen jami'an tsaro. Kyamara ta nuna tabon ɗinki ne ya tsuke, abin da ya saba faruwa musamman ga wanda ɗinkinsa ya taɓa yoyo. Aka buɗa shi da balan-balan na asibiti, sau uku cikin wata biyu, aka gutsuri nama don a tabbatar, babu daji.

Azumin kuwa rigima ce. Ya ce shi bai taɓa sha ba tun yana ɗan shekara goma sha biyu. Mutum mai kilo 55 da ke rayuwa da ludayi biyar-biyar ba zai iya tara abincin yini tsakanin magariba da asuba ba, in ya gwada ma kwanciya za ta gagare shi. Ni na faɗa bai ji ba, likita ya faɗa bai ji ba. Sai da limamin unguwa, abokinsa tun na allo, ya zo har ɗaki ya ce, "Alhaji, Allah Ya yi maka rangwame, kai kuma ka ce ba ka so? Ka ciyar." Ya ciyar a shekarar da ta bayanta. A ta uku, da izinin likita, ya gwada yini ɗaya-ɗaya.

Bibiya mun riƙe ta kamar bashi: duk wata uku a shekara biyun farko, sannan duk wata shida, awo, gwajin jini, hoto in lokacinsa ya yi. Jininsa ya taɓa yin ƙasa aka ba shi maganin ƙarin jini. Ana duba masa baki da maƙogwaro da huhu, don tabar da ta ɓata maƙoshi ta bi ta waɗannan wuraren ma, kuma masu sikwamos sukan fito da sabon daji a can. Sau ɗaya na ji warin taba a rigarsa, na tsare shi, ya rantse zaman rumfa ne. Na yarda, amma na gaya wa Umma, ita kuma ta gaya wa yaron shago.

Wanda ya wuce shekara uku ba tare da ciwon ya dawo ba, lissafinsa ya canja sosai, haɗarin yana raguwa kowace shekara ko da bai kai sifili ba. Baffa yanzu kilo 60 ne, ba zai sake ganin 74 ba, an rage wa rigunansa faɗi. Yana zuwa Dawanau sau huɗu a mako da 'yar kula mai hawa uku. Mai shayi yana sheƙa masa har ya huce, ba ya cewa komai.

A zuwanmu na ƙarshe likita ya duba hoto, ya rufe fayil, ya ce sai baɗi war haka. Baffa ya gyara zama ya ce, "Likita, ranka ya daɗe, Umara fa?" Likita ya ce ya je, amma ya ci kaɗan-kaɗan, kada ya kwanta a miƙe, kada kuma ya biye wa masu rabon dabino da lemon kwali a Harami. Ya tafi a watan Rajab. Umma ta cusa masa filo biyu a jaka, ni kuma na sa kwafin takardar nan mai shafi biyu a aljihun fasfo ɗinsa, ko da wani likita zai tambaya a can.